Amanar Mai Ɗana Tarko: Tarihin Wasan Gicciyen Kalmomi Mai Jigo a Ingila

Ranar Juma'a, 11 ga Janairu, 2013, masu karanta jaridar Guardian ta Ingila suka buɗe shafin wasan gicciyen kalmomi kamar yadda suka saba, sai suka tarar da ɗan bayani a saman allon. Wanda ya shirya wasan ranar, wani limamin coci ɗan shekara 91 da aka sani da laƙabin Araucaria, ya rubuta cewa yana ɗauke da amsar lamba 18 a amsar lamba 19, kuma ana jinyarsa da amsoshin lamba 13 da 15. Duk mai son sanin abin da ya sami dattijon, sai dai ya ɗauki fensir ya zauna ya warware.

Waɗanda suka zauna sun gano. Lamba 18 ita ce ciwon daji, 19 kuma maƙoshi. Lamba 13 da 15 su ne irin kulawar da likitoci ke bai wa majinyacin da aka fid da ran warkewarsa, domin a rage masa raɗaɗi kawai. Ta wannan hanya John Graham, sunansa na gaskiya ke nan, ya yi ban kwana da mutanen da ya shafe fiye da shekara 50 yana wahalar da ƙwaƙwalensu. Masu karatu ba su ɗauki abin a matsayin wasa da mutuwa ba. Sun karɓe shi a matsayin wasiyya. Dalilin haka yana cikin tarihin wata amana da aka ɗauki shekaru ana ginawa tsakanin mai shirya wasa da mai warware shi.

Yadda wasan yake

Allon wasan murabba'i ne mai ƙananan gidaje, galibi 15 a kwance da 15 a tsaye, wasu farare wasu baƙaƙe. Ana rubuta harafi ɗaya a kowane farin gida, kalmomin kwance su gicciya na tsaye su yi tarayya a wasu haruffa. Kowace kalma tana da manuninta, wato 'yar jumlar da ke kai mutum gare ta. A irin wasan da ya fi yaɗuwa a Amurka, manunin yakan zama ma'anar kalmar ce kai tsaye. A irin na Ingila kuwa, manunin zaurance ne. Yana da kashi biyu da aka ɗinke wuri ɗaya: ma'anar kalmar, da kuma wata dabara ta gina ta daga haruffa. An shirya jumlar ne yadda za ta yi kama da magana a kan wani abu dabam.

Misalai da Hausa za su fi fito da abin fili. A ce manuni ya ce: "Rake ya rikice, ya koma mai haushi (4)." Lambar da ke ƙarshe tana nuna yawan haruffan amsa. "Ya rikice" umarni ne a cakuɗa haruffan "rake", "mai haushi" kuma ita ce ma'anar. Amsa: kare. Wani manunin ya ce: "Garin Nupawa a cikin gulbi da ruwa (4)." Babu ruwan amsar da wani gulbi, tana kwance ne a tsakiyar rubutun, ƙarshen "gulbi" da kalmar "da" suka haɗu suka ba da Bida. Na uku ya ce: "Bishiya, ko aikin jariri (4)." Ma'anoni biyu ne na kalma ɗaya a rubuce: kuka.

Turanci ya dace da wannan wasa saboda yawan gajerun kalmominsa da kuma yadda kalma ɗaya kan zama suna nan, ta zama aikatau can. Kalmar da ke nufin fure, idan aka raba ta wani wuri dabam, sai ta ba da ma'anar "mai gudana", don haka masu shirya wasa suka daɗe suna amfani da ita a madadin kogi. Rubutun boko na Hausa ma yana da irin wannan dama, tun da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali: gari na zama da garin tuwo duk rubutu ɗaya ne.

Daga New York zuwa hannun Torquemada

Wasan gicciye na farko da tarihi ya amince da shi ya fito ne ranar 21 ga Disamba, 1913, a jaridar New York World. Wanda ya ƙirƙiro shi, Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafin farko na wasannin, aka haɗa shi da fensir, sai abin ya zama yayi. Jaridar The Times ta Landan ta yi wa Amurkawa ba'a a ƙarshen shekarar, tana ganin sun sami sabuwar hanyar ɓata lokacin aiki. Ba a yi nisa ba yayin ya tsallaka teku. Daily Telegraph ta fara buga nata a Yulin 1925, ita kanta The Times ta miƙa wuya ranar 1 ga Fabrairu, 1930.

Wanda ya karkatar da wasan zuwa zaurance shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya mayar da Dare Dubu da Ɗaya zuwa Turanci daga fassarar Faransanci. Yana ganin manuni mai ba da ma'ana kai tsaye ba shi da gishiri. Daga 1926 ya fara shirya wa jaridar Observer wasanni, ya ɗauki laƙabin Torquemada, sunan shugaban kotun binciken aƙida ta Sifaniya a ƙarni na 15, wanda ya yi ƙaurin suna wajen azabtarwa. Ya kuma cika sunan. Manunansa cike suke da ishara zuwa adabin da sai wanda ya sha karatu zai gane, wasu a cikin baitoci, wasu a cikin labari. Ya shirya wasanni 670 kafin rasuwarsa a 1939. Shi ne kuma mai littafin Cain's Jawbone na 1934, labarin kisan kai mai shafi 100 da aka buga a hargitse domin mai karatu ya jera su da kansa.

Aibin zamanin Torquemada shi ne babu ƙa'ida. Manuni yana iya zuwa babu ma'anar kalmar a cikinsa, ko ya ƙunshi kalmomin da ba su da wani aiki sai ado. Mai warwarewa kan rubuta amsa bai tabbata ba, ko da ya dace. Idan ya kasa kuwa, ba shi da hanyar sanin ko laifinsa ne ko na mai shiryawa.

Masu kafa ƙa'ida

Malaman makaranta biyu ne suka gyara wannan. Na farko shi ne A. F. Ritchie, limamin coci kuma shugaban makarantar babban cocin Wells, wanda ya haɗa haruffan farkon sunansa suka ba shi laƙabin Afrit, wato ifiritun aljanu. A littafinsa Armchair Crosswords na 1949 ya shimfiɗa tushen: mai shirya wasa yana da 'yancin karkatar da hankalin mai warwarewa yadda ya ga dama, amma duk abin da ake buƙata domin kaiwa ga amsa dole ya kasance a cikin manunin, a faɗe daidai.

Na biyu shi ne Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital, wanda ya gaji Torquemada a Observer. Shi ma ya ɗauki sunan wani shugaban waccan kotu ta Sifaniya, Ximenes. Littafinsa na 1966, Ximenes on the Art of the Crossword, shi ne ya zama madogara har yau. Ya nemi allo ya zama mai daidaiton fasali, ya iyakance yawan haruffan da ba su da mai gicciya su, ya kuma dage cewa nahawun manuni ya tsaya daidai idan aka karanta shi ta ɓoyayyar fuskarsa. Ɗaya daga cikin abubuwan da mabiyansa suka haramta zai fito fili da misalin ɗazu. Idan aka ce "Kara mai zaƙi ya rikice", ana so mutum ya fara gano rake sannan ya cakuɗa shi, an zalunce shi, domin haruffan da zai yi aiki da su ba sa gabansa.

Ximenes yana shirya gasar rubuta manuni, kuma cikin waɗanda suka yi fice akwai Jeremy Morse, wanda daga baya ya shugabanci bankin Lloyds, da Colin Dexter, marubucin da ya raɗa wa ɗan sandan littattafansa suna Morse saboda shi. Bayan rasuwar Ximenes a 1971, Jonathan Crowther ya gaje shi a 1972 da laƙabin Azed, wato sunan Deza, wani shugaban kotun, a juye.

Abin lura shi ne ƙa'idojin ba su sauƙaƙa wasan ba. Su ne ma suka ba da damar a ƙara tsaurara shi. Mutum ba zai yarda ya kwashe kwana uku a kan manuni ɗaya ba sai ya amince cewa akwai ƙofa, kuma idan ya same ta zai tabbata ita ce ba tare da ya jira jaridar gobe ba.

Hawa na biyu: jigo

A kan wannan harsashi aka ɗora wasa mai jigo, inda allon gaba ɗaya ke ɓoye wani abu bayan amsoshin ɗaiɗaiku. Gidansa na asali shi ne The Listener, mujallar mako-mako ta BBC, wadda ta fara buga wasanta a Afrilun 1930. An rufe mujallar a 1991, amma wasan ya tsira, ya koma The Times ta ranar Asabar da sunansa na da. Ana ɗaukarsa mafi wuya a Turanci. A shekarun farko an yi makonnin da ko mutum ɗaya bai aiko da amsa daidai ba. Ana duba kowace takardar da aka aiko, ana kuma ajiye lissafin shekara domin a san wanda bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Irin wannan wasa yakan zo da gabatarwa a sama, wadda ita kanta kacici-kacici ce. Tana iya cewa amsoshi takwas ba su da manuni ko kaɗan, ko cewa a wasu manunan akwai harafi ɗaya da aka sauya da gangan, kuma idan aka tattara haruffan da aka gyara za su ba da umarni. Wani lokaci amsa ba ta shiga gidajenta sai an cire mata wani abu. Wani lokaci, bayan an cika allon, a nemi mutum ya ja layi ko ya shafa launi a wasu gidaje har wani hoto ya bayyana.

Masu gogewa suna bin wani tsari. Sukan karanta gabatarwar sau da yawa, domin kowace kalma a cikinta alkawari ce. Sukan fara da manunan da za su iya warwarewa ba tare da taimakon ko harafi ɗaya daga allo ba, su rubuta da fensir, ƙamus na Chambers a gefe. Sannan su sa ido ga wurin da lissafi ya ƙi ci: amsa mai harafi bakwai ga gidaje shida, ko kalmomi biyu da suka ƙi jituwa a mahaɗarsu. Sabon shiga yakan ɗauka kuskure ya yi, ya goge. Wanda ya san cewa mai shiryawa ba ya ƙarya ya san cewa a nan jigon ya leƙo.

Mataki mafi haɗari shi ne zato. A ce allon Hausa ne, mutum ya sami Kano da Katsina cikin amsoshin da ba su da manuni. Zai iya zaton jihohi ne, ya fara cusa Jigawa a gidajen da suka yi daidai. Sai ya sami Rano, zaton ya rushe: Hausa Bakwai ake nufi, abin nema shi ne Daura da Gobir da Zazzau da Biram. Shaida biyu kan dace da jigo da yawa. Gwani shi ne mai riƙe zatonsa da sassauci har sai shaidar da za ta raba gardama ta zo.

Lokacin da jigo ya zama batun tsaron ƙasa

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna darajar wannan baiwa, ya kuma nuna haɗarinta. A Janairun 1942 Daily Telegraph ta shirya gasa a ofishinta, bayan wani mutum ya yi alkawarin ba da fam 100 sadaka idan aka sami wanda zai warware wasanta cikin minti 12. Mutum 25 suka shiga, 'yan kaɗan suka gama a kan lokaci. Bayan 'yan makonni wasu daga cikin mahalartan suka sami wasiƙar sirri daga hukumar soja. Ɗaya daga cikinsu, Stanley Sedgewick, ya ƙare a Bletchley Park, cibiyar da ake warware saƙonnin sirri na Jamus. Abin da ake nema a wurinsu shi ne halin mutumin da ya saba ganin cewa zahirin rubutu sutura ce.

A watan Agustan wannan shekara kalmar Dieppe ta fito cikin amsoshin wasan jaridar, kwana biyu kafin harin da sojojin ƙawance suka kai garin na Faransa ranar 19 ga wata, inda fiye da sojojin Kanada 900 suka mutu. Aka yi bincike, aka ce dacewa ce kawai. A 1944 abin ya dawo da ƙarfi. Ana shirin saukar da sojoji a gaɓar Nomandi, shirin da nasararsa ta dogara ga Jamus ta ci gaba da zaton a Calais za a sauka. A farkon Mayu Utah ta fito cikin amsoshin Telegraph, ranar 22 ga wata Omaha ta biyo baya. Duka biyu sunayen sirri ne na gaɓoɓin da Amurkawa za su sauka. Ranar 27 ga Mayu aka ga Overlord, sunan shirin baki ɗaya. Ranar 30 Mulberry, sunan tashoshin jiragen ruwa na wucin gadi. Ranar 1 ga Yuni kuma Neptune, sunan ɓangaren sojan ruwa. Saura kwana biyar a kai harin.

Ga duk wanda ya san wasa mai jigo, wannan ya wuce shaida uku. Jami'an hukumar leƙen asiri ta MI5 suka je wa mai shirya wasannin, Leonard Dawe, shugaban makarantar Strand, wadda aka kwashe daga Landan zuwa Effingham a Surrey saboda ruwan bama-bamai. Suka yi masa tambayoyi masu tsanani, ba su sami komai ba, suka ƙyale shi. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa, Ronald French, wanda yake ɗan shekara 14 a lokacin, ya bayyana cewa Dawe yakan ba ɗalibai allon da babu komai su cika da kalmomi, shi kuma ya rubuta manunai. Yaran suna yawo a sansanonin sojojin Amurka da Kanada da ke kusa, a nan suke tsintar kalmomin.

Idan bayanin French daidai ne, jami'an ba su yi kuskure ba da suka ga alaƙa tsakanin kalmomin, domin daga tushe ɗaya suka fito. Inda zatonsu ya kauce shi ne niyya. Babu wanda ya jera su domin ya isar da saƙo. Wannan shi ne bambancin allo da duniya. A allo akwai wanda ya yi alkawarin cewa duk tsarin da aka gani da gangan ne. A wajen allo, mai binciken asusu da ɗan jarida da likita duk suna ganin tsari, amma babu mai ba su irin wannan tabbaci.

Dawowa ga Araucaria

An haifi John Graham a 1921. Ya yi aikin sojan sama a yaƙin, jirginsu ya faɗi a Italiya, ya ɓuya wurin wasu mutanen ƙauye har ya tsira. Bayan yaƙi ya zama limamin coci. Wasansa na farko ya fito a Guardian a 1958, a lokacin ba a sa sunan masu shiryawa. Da aka fara sawa, ya zaɓi sunan wata bishiya wadda Turawa ke yi wa laƙabi da mai rikita biri.

Ba ya cikin masu bin Ximenes sau da ƙafa. Yakan lanƙwasa nahawu idan hakan zai ba da dariya, masu tsauri kuma suna sukarsa a kan haka. Ya yi suna wajen jigogi da dogayen cakuɗen haruffa, da kuma wani salo inda ake jera manunai bisa tsarin abacada ba tare da lambobi ba, mutum ya nemo wa kowace amsa mazauninta. Amma ko masu sukarsa sun yarda cewa bai taɓa ɗana tarkon da ba ya son a kuɓuce masa ba. Amanarsa ba ta tsaya ga bin doka harafi da harafi ba. Masu warwarewa sun san muryarsa, sun san yana tare da su.

Shi ya sa wasan 11 ga Janairu ya yi aiki. Ya fara fitowa ne a watan Disamba a 1 Across, ƙaramar mujallar da ya kafa, kafin Guardian ta sake buga shi. Manunin lamba 18 kalmomi uku ne kacal, ma'anarsu alamar tsiro ko girma. Dabarar ita ce a Turanci sunan ciwon daji shi ne kuma sunan ɗaya daga cikin buruji goma sha biyu, wanda malaman hisabi ke kira Saraɗan. A Larabci ma kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anonin biyu. Sauran allon ya ƙunshi ma'aikaciyar jinya, da ciki, da na'urar leƙa hanji, da faɗuwar rana. A wannan karon babu mai shakkar ko jigon da gangan ne, domin mai shiryawa ya faɗa da kansa a saman allo, ya kuma ba kowane mai karatu damar isa ga labarin a hankali, harafi bayan harafi.

Ya ci gaba da shirya wasanni cikin watannin da suka biyo baya. Ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 2013, yana da shekara 92, saura ƙasa da wata guda a cika shekara 100 da fitowar allon Arthur Wynne.